Babi na Tara: Waɗanda Aka Tuhuma

Ranar Asabar 15 ga Yuni 1381 aka kashe Wat Tyler, jagoran boren talakawan Ingila, a filin Smithfield, a gaban Sarki Richard na Biyu, wanda a lokacin yaro ne ɗan shekara 14. Kafin dare jama'ar da ta cika birnin Landan ta watse, kowa ya kama hanyar garinsu. Wasu na riƙe da takardun 'yanci da sarki ya sa magatakarda suka rubuta musu ranar Juma'a a Mile End, inda aka ce daga yau babu sauran bawan gandu a ƙasar Ingila. Takardun nan ba su cika kwana ashirin ba. Ranar 2 ga Yuli, sarki na garin Chelmsford, ya sa aka yi shela cewa an soke su duka. Kafin nan an riga an murƙushe ragowar mutanen Essex a Billericay, an tarwatsa na Norfolk a North Walsham.

Da masu takobi suka gama, sai masu alƙalami suka karɓi aiki. Kusan duk abin da muka sani game da talakawan da suka yi wannan bore, daga hannun waɗannan magatakarda ya fito.

Ga yadda ake yi. Sarki zai naɗa alƙalai su zaga gunduma. A kowane gari ko yanki sai a kira mutum goma sha biyu daga cikin masu mutuncin wurin, a rantsar da su, a ce su faɗi sunan duk wanda suka san ya tashi. Su yi bayani da Turancinsu na ƙauye, magatakarda ya juya shi zuwa Latin, ya rubuta a fatar tunkiya, a ɗinke fatun a naɗe. Da yawa daga cikin naɗe-naɗen nan suna nan har yau a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kew, a gefen Landan. Wani matashin masani Bafaranshe, André Réville, ya duƙufa a kansu a ƙarshen ƙarni na 19, ajali ya riske shi bai kammala ba, aka buga aikinsa a 1898. A 'yan shekarun nan kuma wasu jami'o'in Birtaniya, Jami'ar Reading na gaba, suka haɗa hannu suka tattara dubban sunayen a rumbun kwamfuta, yadda za a iya bin mutum guda daga takardar tuhuma zuwa takardar haraji zuwa takardar afuwa.

Amma kafin a karanta sunayen, ya kamata a tsaya a dubi halin da mutum goma sha biyun nan suke ciki. Maƙwabtan waɗanda ake nema ne. Wasunsu surukai ne, wasu abokan ciniki, wasu kuma da ƙafarsu aka je Landan. Alƙali na zaune, sojoji na bakin ƙofa, ba zai yiwu a ce masa garin nan babu wanda ya tashi ba. To sunan wa za a bayar? Wanda ya riga ya mutu ba shi da sauran abin da za a yi masa. Wanda ya gudu ya yi nisa. Baƙo ba shi da dangi a gari. Sai kuma wanda dama ana jin haushinsa tun kafin bore. Ba na cewa duk takardun ƙarya ne. Da yawa sun faɗi rana da wuri da abin da aka ɗauka daidai da yadda wasu shaidu daban suka faɗa. Sai dai kowace takardar tuhuma tana ɗauke da labarin mutum biyu, wanda aka tuhuma da wanda ya yi tuhumar, kuma na biyun ya fi wuyar gani.

Abin da ya faru a St Albans ya isa misali. Garin yana ƙarƙashin wani babban gidan 'yan zuhudu, kuma an daɗe ana rigima tsakanin mutanen gari da shugabannin gidan, musamman a kan niƙa. Dole kowa ya kai hatsinsa maniƙar gidan ya biya. Shekaru hamsin kafin bore wani shugaban gidan ya ƙwace duwatsun niƙa na hannu da mutane ke ɓoyewa a gidajensu, ya sa aka daɓe ƙasan wani ɗaki da su, don kowa ya taka ya tuna. A lokacin bore mutanen gari suka shiga suka tone duwatsun, suka farfasa, kowa aka ba shi ɗan guntu ya kai gida. Da ƙura ta lafa, sabon alƙalin alƙalai Robert Tresilian ya iso tare da sarki. Ya kira mutum goma sha biyu, suka ce su ba su san wani mai laifi ba. Sai ya zaro takarda mai ɗauke da sunaye, ya nuna musu cewa in ba su yi magana ba hukuncin a kansu zai faɗa. Suka amince da sunayen. Ya kira wasu goma sha biyun ya nuna musu abin da na farko suka ce, sannan ya kira na uku. Ta haka ya samu shaidar mutum 36 a kan abin da shi ya shigo da shi a hannunsa. Wanda ya ba mu wannan labari, Thomas Walsingham, ɗan zuhudu ne a gidan, kuma yabon dabarar alƙalin yake yi.

Aka rataye mutum 15. Cikinsu har da William Grindecobbe, wanda aka taɓa ba da belinsa don ya je ya lallashi mutanen gari su mayar da takardun da suka tilasta wa shugaban gidan ya sa musu hatimi. Da ya je sai ya ce musu kada su dubi ransa, su riƙe abin da suka samu, sannan ya koma kurkuku da ƙafarsa kamar yadda ya yi alkawari. Bayan an rataye su, 'yan'uwa suka je suka sauke gawarwakin suka binne. Labari ya kai wa sarki, ya aiko da umarni a tono su, mutanen garin da hannunsu su sake rataye su da sarƙa. A St Albans ɗin ne kuma aka yanke wa John Ball hukunci, limamin cocin nan mai wa'azin cewa dukan mutane daga Adamu da Hauwa'u suka fito, babu wanda aka halitta bawa. An kamo shi daga Coventry, aka kashe shi ranar 15 ga Yuli, aka raba gawarsa huɗu aka aika garuruwa huɗu. Shi kuwa Tresilian, bayan shekara bakwai, a 1388, abokan gabar sarki suka jawo shi daga inda ya ɓuya a Westminster suka rataye shi a Tyburn ba tare da an saurari ta bakinsa yadda ya kamata ba.

Su wane ne mutanen da ke cikin fatun? Marubutan zamanin sun riga sun ba da tasu amsa. A wurinsu ƙauyawa ne jahilai, marasa takalmi, waɗanda ba su san komai ba sai ihu. Mawaƙi John Gower ma dabbobi ya mayar da su a wata doguwar waƙarsa ta Latin: jakuna da shanu da aladu da karnuka da suka haukace. Takardun kotu ba su goyi bayan wannan ba, kuma abin da ya tona asirin shi ne kwaɗayin baitulmali. Duk wanda aka kashe ko ya gudu saboda cin amanar sarki, dukiyarsa ta zama ta sarki, don haka sai a tura jami'i ya ƙirga abin da ya bari. A jerin kayan nan akwai waɗanda aka rubuta cewa ba su da komai. Amma akwai irin su Thomas Sampson na Suffolk, wanda aka samu da eka 137 na shuka, da tumaki 300, da kaso a wani jirgin ruwa da ke Harwich. Shi kansa ya taɓa zama mai karɓar haraji. Thomas Baker na ƙauyen Fobbing, wanda aka ce shi ya fara tunzura mutane suka kori jami'in haraji John Bampton daga Brentwood ranar 30 ga Mayu, mai filaye ne a ƙauyensu. An rataye shi a Chelmsford ranar 4 ga Yuli. A Norfolk har da barde mai sarautar Sir, Roger Bacon, wanda ya jagoranci jama'a suka shiga Yarmouth suka yaga takardar gatan garin. Limaman cocin ƙauye ma ba su yi kaɗan ba.

Masanin tarihi Christopher Dyer ya bi sunayen waɗanda aka tuhuma a Essex da Kent da Suffolk da Hertfordshire, ya neme su a takardun kotunan gandu na ƙauyukansu. Cikin waɗanda ya iya bin sawunsu sosai, kusan kashi uku cikin huɗu sun taɓa riƙe wani muƙami a ƙauye: wakilin mai gandu, ɗan doka, mai duba ingancin giya, mai rantsuwa a kotu, mai yanke tara. Wato dattawan gari ne. A nan ne nake ganin bakin zaren yake. Wanda ya san zamanin haraji da jangali a ƙasarmu ya san matsayin mai unguwa: shi ake aikowa ya ƙirga kawuna, shi zai kalli idon maƙwabcinsa ya karɓa, shi kuma ake kamawa in kuɗi bai cika ba. Haka waɗannan suke. Harajin kai na 1377 kwabo huɗu ne a kan kowane baligi. Wanda majalisa ta sa a ƙarshen 1380 ya zama sule guda, kwabo goma sha biyu, ninki uku ke nan, ladan lebura na kwana uku ko huɗu. Da aka kawo ƙirga sai aka ga sama da mutum dubu 450 sun ɓace daga takarda tsakanin 1377 da 1381, galibi zawarawa da 'yan mata da masu zaman cin arziki a gidan wani. Ba annoba ce ta kwashe su ba. Masu ƙirgar ne suka rufa wa garuruwansu asiri, kuma da gwamnati ta aiko masu bincike, kansu aka fara nufa.

Shi ya sa boren bai yi kama da hauka ba. Mutanen sun san gidan da za su, sun san takardar da za su ƙona. A wurare sama da ɗari an ƙona naɗe-naɗen kotunan gandu, inda ake rubuta wane bawa ne, nawa ake binsa, kwana nawa zai yi a gonar ubangida. Sun nemi takardun baitulmali masu hatimin koren kaki, domin sun san su ne na tara. Jahili ba ya bambance hatimi da hatimi.

Sai mata. Marubutan zamanin kusan ba su ga mace ko ɗaya a cikin taron ba, sai ko waɗanda aka ci wa mutunci. Kotu ta gan su. A wata takarda ta babbar kotun sarki an tuhumi Johanna Ferrour ta garin Rochester da cewa ita ce babbar jagorar wata ƙungiya daga Kent. Aka ce ranar Alhamis 13 ga Yuni ta je fadar Savoy, gidan John na Gaunt baffan sarki, ta sa mata wuta, ta ɗauke akwati mai ɗauke da fam dubu, ta sa a kwalekwale ta haye kogin Tems zuwa Southwark, can aka raba. Washegari kuma, in ji takardar, ta shiga Hasumiyar Landan, ta kama Simon Sudbury, babban bishop na Kantabari wanda kuma shi ne wazirin sarki, da ma'aji Robert Hales, ta ba da umarni a sare kawunansu. Wannan ba ƙaramar tuhuma ba ce. Ita ce mafi nauyi a duk boren. Amma babu wata takarda da ta nuna an yanke mata hukunci. Ko dai mace ce ta ja ragamar abu mafi girma da ya faru a makon kuma ta sha, ko kuwa wani ne a Kent ya so ya ga bayanta da mijinta ya ɗora mata kayan da ya fi kowane nauyi. Kalmomin jagora da shugaba kuwa, magatakarda sun liƙa wa mutane da dama su a gundumomi daban-daban, har ka rasa su wa aka jagoranta.

Labarin Katherine Gamen ya fi zama a zuciya, wataƙila don ƙanƙantarsa. Alƙalin alƙalai na da, John Cavendish, wanda ya yi suna wajen tilasta dokar da ta hana lebura neman ƙarin lada bayan annobar 1348, yana gudu a Lakenheath, mutane na binsa. Ya nufi bakin ruwa inda wani kwalekwale yake. Katherine ta tura kwalekwalen cikin ruwa. Shi ke nan abin da aka ce ta yi. Aka cim masa aka sare kansa, aka kai kan kasuwar Bury St Edmunds. A Kambirij kuma an ambaci wata tsohuwa, Margery Starre, da aka ce ta riƙa watsa tokar takardun jami'a sama tana la'antar ilimin malamai.

Kada kuma tausayi ya rufe mana ido. Cikin abin da aka aikata a Landan ranar Juma'ar nan akwai kisan baƙi 'yan Flanders, masaƙa da 'yan kasuwa. An jawo kimanin 35 daga cikin cocin St Martin da ke unguwar Vintry aka sare kawunansu a titi. Waɗannan ba su sa wa kowa haraji ba, ba su riƙe takardar bautar kowa ba. Laifinsu sana'a da harshe, kuma masaƙan Landan sun daɗe suna jin zafin gatan da sarauta ta ba su.

Yadda tuhuma ta zama makami ya fi fitowa fili a Landan. A ƙarshen 1382, fiye da shekara guda bayan bore, wasu masu rantsuwa suka ce 'yan majalisar birni biyar ne suka ci amana: John Horn ya je Blackheath ya gayyato mutanen Kent, Walter Sibil ya buɗe musu gadar Landan, William Tonge ya buɗe ƙofar Aldgate, sai Adam Carlisle da John Fresh. An daɗe ana maimaita wannan a littattafai tamkar gaskiya. Sai da aka lura da lokacin da aka yi tuhumar. Magajin gari a lokacin, John na Northampton, yana tsakiyar yaƙi da dillalan kifi da sauran manyan masu sayar da abinci, waɗanda yake zargi da tsauwala farashi, kuma Horn da Sibil dillalan kifi ne. Da mulkin birni ya koma hannun abokin gabarsa Nicholas Brembre, aka sake zama a farkon 1384, aka wanke su duka biyar.

Talaka ba ya samun irin wannan zama na biyu. An kama wani John Shirle, mutumin gundumar Nottingham, a Kambirij cikin watan Yuli 1381. Ba a ce ya ƙona gida ba, ba a ce ya kashe kowa ba. An ce yawo yake gari-gari yana yaɗa maganganu, kuma a wata mashaya da ke titin gada ya ce John Ball mutumin kirki ne mai faɗin gaskiya, wakilan sarki da alƙalai su suka fi cancanta a rataye. Baƙo ne, ba shi da kowa a garin. Aka rataye shi.

Akwai kuma wata ƙofa da dokar Ingila ta bar wa wanda ya ga mutuwa a gabansa: ya amsa laifinsa, ya tona abokan tafiyarsa, in an same su da laifi wataƙila a bar shi da rai. John Wrawe, limamin cocin da ya jagoranci mutanen Suffolk, ya bi ta nan. Ya ba da sunan mutum 24. Bai tsira ba, an kashe shi a watan Mayu 1382. Wani magini mai suna John Cote, daga ƙauyen Loose kusa da Maidstone, ya tona wata sabuwar maƙarƙashiya da aka ƙulla a Kent a kakar 1381 don tilasta wa sarki ya mayar da takardun 'yanci. A cikin bayaninsa akwai wani abin mamaki: ya ce matafiya daga arewa sun kawo labarin cewa John na Gaunt ya 'yanta bayin gandunsa, don haka suka yi shawarar in gaskiya ne su naɗa shi sarki. Mutumin da aka ƙona fadarsa wata huɗu da suka wuce ke nan.

Waɗanda aka gurfanar kuwa, kariyar da ta fi yawa a bakinsu ita ce tilas aka yi mini: jama'a suka zo ƙofar gidana suka ce ko in bi su ko su ƙona ni. Wani lokaci gaskiya ne, domin takardun tuhuma da kansu suna cike da labarin masu hawa doki ƙauye-ƙauye suna shelar kowa ya fito ko ya rasa gidansa. Wasu suka ce da izinin sarki suka yi, tunda a Mile End ya ce su kamo maciya amana duk inda suke. Masu rantsuwa sun karɓi irin wannan uzuri sau da yawa, musamman in mutumin nasu ne. Marubutan zamanin sun ambaci dubban gawarwaki; hukuncin kisa da ake iya gani a takardun kotun da suka rage bai kai kusa da haka ba. Amma wa ya mutu, wa ya rayu, ba a raba shi daidai ba. Geoffrey Litster, marinin da mutanen Norfolk suka kira sarkin talakawa, bishop na Norwich Henry Despenser ne da kansa ya ci shi da yaƙi, ya yanke masa hukunci, ya saurari tubarsa, har ya tallafe kansa ana jansa a ƙasa zuwa wurin rataya don kada ya bugi dutse. Abokin tafiyarsa Sir Roger Bacon ya yi ɗan zama a Hasumiya aka yi masa afuwa. Thomas Sampson mai tumaki 300 ma an yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka yafe masa.

Majalisa ta zauna a watan Nuwamba 1381. Manyan ƙasa sun gaji, kuma sun fara tsoron kada yawan rataya ya sake tayar da wutar. Suka roƙi sarki afuwa iri uku, kuma jerin yana da ban sha'awa: ta farko ga manya da masu gandu da suka kashe mutane lokacin bore ba tare da shari'a ba, ta biyu ga waɗanda suka tashi, ta uku ga talakawan da suka zauna lafiya. Aka ce an yi ta ne albarkacin Anne ta Bohemiya, wadda sarki ya aura a watan Janairu 1382. Ba kyauta ba ce. Mai so sai ya je ofishin hatimin sarki ya biya a rubuta masa tasa. Mutane da yawa da babu wanda ya tuhume su suka je suka saya, don gudun kada wani maƙiyi ya tuna da su gobe, saboda haka samun sunan mutum a jerin afuwa ba ya nuna ya yi bore. Afuwar sarki kuma ba ta hana wanda aka yi wa ɓarna kai ƙara don a biya shi diyya ba. John na Gaunt ya yi ƙarar jerin mutane a kan fadar Savoy, wasu masu gidaje suka bi sahu, aka yi shekaru ana jan mutane kotu.

An cire mutum 287 daga afuwar, aka karanta sunayensu, 151 daga cikinsu mutanen Landan ne. Aka kuma cire garuruwa shida: Kantabari, Kambirij, Bridgwater, Beverley, Scarborough da Bury St Edmunds. Kambirij ta rasa ikon kula da awo da farashin burodi da giya a kasuwarta, aka miƙa wa jami'ar da mutanen garin suka ƙona wa takardu. Sauran aka sassauta musu ɗaya bayan ɗaya, ban da Bury. Mutanen Bury sun yi dabara lokacin bore, suka bar Wrawe da baƙinsa su yi aika-aikar a kan gidan 'yan zuhudun da ke mulkinsu, su kuma suka noƙe kamar ba ruwansu. Wrawe ya faɗi yadda aka yi. Aka ci garin tarar mak 2000, wato fam 1,333 da 'yan kai, aka bar wa mutanen garin aikin raba ta a tsakaninsu gida-gida, kuma sai a 1386 suka gama biya.